Tukunya Mai Tambarin Farfela

Ku samarin nan da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna jiran mai shayi ya tafasa ruwa, na ji abin da kuke faɗa, don kunnena bai tsufa ba tukuna. Wai zubin tukunya ai ba sana'a ba ce, narka gwangwani ne kawai a tuttula a rami. Ɗayanku ma har ya nuna tsohuwar tukunyar nan da ke rataye a bango, baƙa ƙirin, gindinta a huje, ya ce Baba Idi ya fara ajiye shara. Ban ji haushi ba, dariya ma kuka ba ni. Amma tunda kun taɓo ta, ku jawo benci ku zauna, shayin ba zai gudu ba.

Tukunyar farko da na zuba da hannuna 'yar ƙarama ce, irin ta ɗumamen miya. Na daɗe ina kallon mahaifina yana yi, har na ɗauka idona ya gama koya wa hannuna. Na kwaɓa ƙasa, na kifa uwar tukunyar a cikin akwatin katako, wato tukunyar da ake ɗaukar siffarta, na daddanna ƙasar, na zare uwar, na mayar da akwatin na rufe. Baba yana zaune yana kallona. Da na zuba narkakken alminiyon, sai ƙasar ta yi tsaki ta tofo shi waje, ɗigo ɗaya ya sauka a bayan ƙafata. Ga tabon nan har yau. Ruwa ne ya yi wa ƙasar yawa. Baba ya bari sai da na gama tsalle-tsallena, sannan ya damƙi ƙasa ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. In ta dunƙule ba ta manne a hannu ba, ta yi. In ta bar danshi a tafinka, to kada ka kusanto da wuta.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai tukunyar narki, gindin tsohuwar tukunyar gas ce muke yankewa. Akwai awartaki mai dogon hannu, da ludayin ƙarfe na kwashe dattin da ke tasowa sama, da zarto, da magagari na goge baki. A da zugazugi muke bugawa har kafaɗa ta yi tsami, yanzu fanka ce mai ƙafar keke. Toka kuma ita ce ke hana uwa mannewa da ƙasa, wanda ya manta da ita zai fasa aikinsa da hannunsa. Shi zubin kansa numfashi ɗaya ne. In ka fara ba tsayawa, ko tari ya zo maka sai ka haɗiye shi. Ka dakata kaɗan ka ci gaba, tukunya za ta fito da kyau a ido, amma akwai layi a cikinta, ran da aka ɗora ta a murhu nan za ta buɗe.

Masu sayen kayanmu kuwa, sun fi mu sanin tukunya. Matan da ke dafa abinci a kasuwar shanu ba sa duban kyalli, ƙwanƙwasa ta suke yi da zobe su kasa kunne. In ta yi ƙara mai tsawo su ɗauka, in ta yi gum su ajiye, ko da rantsuwa kake yi. Direbobin tirela 'yar ƙarama suke so mai kauri, da murfin da ba zai dame su da ƙara a hanya ba. Matan gida kuma ba sa zubar da tsohuwar tukunya. In ta huje sai su kawo a yi musaya, mu karɓi tsohuwar mu narka, su tafi da sabuwa. Sauran ƙarfen kuwa wajen 'yan gwangwan muke samu, da wajen Oga Chidi, wani mutumin kudu mai sayar da kayan mota, wanda yake tara mini tsofaffin fistin na injin mota a bayan shagonsa.

To amma kun taɓa tambaya ta ina sana'ar ta shigo gidanmu? Baba maƙerin baƙi ne tun asali, fartanya da lauje yake ƙerawa a can wajen Danchuwa, bai taɓa ganin an narka farin ƙarfen nan ba, wanda su a da suke kira sanholo. Lokacin yaƙin duniya na biyu, yana sabon ango, wata rana bayan an gama girbi sai ga jirgin sama yana ta tari a sama, ya zo ya sauka a gona da ƙyar, hancinsa ya soki ƙasa. Na sojan Faransa ne, hanyar Chadi ya nufa. Matuƙin ya fito lafiya, wani dogo, mutane suka sa masa suna Dogo. Baturen mulki ya zo ya tafi da shi gari, aka ba shi ɗaki da gado.

Bayan 'yan kwanaki sai ga babbar mota daga gabas da kanikawa uku. Su ba wanda ya ba su gado, ƙarƙashin fiffiken jirgin suka shimfiɗa bargo. Babbansu kullum da lofen taba a baki, shi ne Mai Lofe. Ƙaraminsu rana ta gasa masa kunnuwa, ya zama Jan Kunne. Na ukun baƙar fata ne, mutumin Chadi, Kofur Adam, yana jin Barbarci, shi ne tafinta. Sun zo da sabon reshen farfela, wato fankar da ke hancin jirgin, don ɗaya ya lanƙwashe, amma akwai wani ƙaramin murfi a jikin injin da ya fashe, ba su zo da madadinsa ba. Mai Lofe ya ce a nemo masa mai wuta. Haka aka kira Baba da zugazuginsa da gawayinsa.

Baba ya ce bai taɓa ganin abin mamaki irin na ranar ba. Mai Lofe ya durƙusa a ƙasa kamar kowa, ya damƙi ƙasa ya buɗe hannu, ya haɗa fasasshen murfin ya danna a ciki, ya narka wani guntun ƙarfe ya zuba. Na farko bai yi ba, na biyu ma bai yi ba. Da aka zo na gaba sai ya miƙa wa Baba awartakin, ya riƙe masa wuyan hannu suka zuba tare, shi ne ya fito. Dogo ma kullum da safe sai ya dawo daga gari ya tuɓe riga yana miƙa musu sifana, in Mai Lofe yana magana shiru yake yi, alhali shi ne mai igiya a kafaɗa. Innarmu takan aika musu da fura. A wajen shan furar ne Kofur Adam ya gaya wa Baba cewa abokan gaba sun mamaye ƙasar Turawan nan, ba su da hanyar komawa gida, ba su ma san ko iyalansu na raye ba. Baba ya ce daga ranar ya daina ganinsu a matsayin Turawa, sai ya ga baƙi ne kawai da ke nesa da gida.

Ran da jirgin zai tashi, Dogo ya tsaya gaban kanikawan nan uku masu baƙin hannu ya sara musu kafin ya hau. Su kuma da za su shiga motarsu, Mai Lofe ya ɗauko lanƙwasasshen reshen farfelar, shi ma na farin ƙarfen nan ne, tsawonsa ya kusa kai tsayin mutum, ya ɗora wa Baba a kafaɗa. Ba su sake haɗuwa ba. Da Baba ya dawo cikin gari ya kafa rumfar nan a unguwar Bolewa, ya rataye reshen a bango, ya kuma kafa wata al'ada. Duk wanda ya gama koyon aiki za a yaye shi, sai a yanko ɗan guntu daga reshen da zarto a jefa a narkinsa na ranar. Yana zubawa ana ambaton sunaye huɗu, Dogo, Mai Lofe, Jan Kunne, Kofur Adam. A gindin tukunyar a danna tambari, layi uku da suka haɗu a tsakiya kamar farfela. Kuma ba a sayar da ita, kyauta ake bayarwa. Baba yakan ce, "Ban san ko sun kai gida ba, ban san inda aka binne su ba. Abin da zan iya yi musu shi ne kada a manta da su a bakin wuta. Yaba kyauta tukuici." Da zai rasu, ni ya bar wa rumfar da reshen, don yayana, Yaya Gimba, tuƙin tirela ya zaɓa.

Aikin da ba zan manta ba shi ne na shekarar da gari ya rikice. Kun san ta, wasunku kuna goye a lokacin. Aka rufe hanyoyi, kasuwa ta mutu, Oga Chidi ya kwashe iyalinsa ya tafi, 'yan gwangwan suka ɓace. Wutata takan yi mako ba a hura ta ba. Mutane kuma suka yi ta kwararowa daga ƙauyukan gabas, suka cika gidaje a unguwar Yindiski. Akwai wata Babarbariya mai abinci a kasuwar shanu, Hajiya Yagana, tsohuwar mai sayen kayana ce, ita ta ɗauki nauyin dafa musu. Wata safiya ta shigo rumfar nan ko zama ba ta yi ba.

"Malam Idi, tukunya nake so wadda za ta ci rabin buhu. Da ƙanana nake dafawa, kafin layi ya zo kan yara sun yi barci da yunwa."

"Hajiya, ina na ga ƙarfen?"

"Ni ban san wannan ba. Kai ne mai wuta."

Ta juya ta tafi. Na tattara duk abin da ke rumfa, na shiga gida na kwashe ludaya da murafe, maƙwabta suka kawo abin da suke da shi, na auna da ido na ga ba za a kai ko'ina ba. Tukunya irin wannan ba a zuba ta rabi a dawo gobe a ƙarasa. Na daɗe ina kallon reshen nan a bango. Sai na sauko da shi na sa zarto. Yini guda ina yanka, na bar guntu kamar tafin hannu na mayar kan ƙusa. Mu huɗu muka ɗaga narkin muka zuba, na ambaci sunayen nan huɗu duk da ba yaye ake yi ba, na kuma danna tambarin a gindinta. Ta fito lafiya lau, ko ƙofar allura babu. Hajiya Yagana ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta saurara, ta ce a ɗora mata a baro. Ban yi da-na-sani ba a ranar, ban kuma yi ba har yau.

Yaya Gimba yana kudu a lokacin, hanya ta riƙe shi. Da ya dawo ya shigo rumfa, kafin mu gama gaisawa idonsa ya kai bango.

"Idi, ina ƙarfen Baba?"

Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Amana aka ba ka, ba gado ba. Duk garin nan ba wani ƙarfe sai wannan?"

"Yaya, wallahi babu."

"To ai shi ke nan. Ka kyauta."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Muna gaisawa a masallaci, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma ya daina zama a kan bencin nan, inda a da duk dawowarsa daga tafiya nan yake yini. Abin ya dame ni ƙwarai, don mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu. Ita kuwa tukunyar, da ƙura ta lafa mutanen suka koma ƙauyensu, Hajiya Yagana ta ba su ita suka tafi da ita, tunda ba su da ko cokali. Na sa a raina ta tafi ke nan. Guntun da ya rage na ci gaba da yanka a duk yaye, ina ƙanƙantawa, har ya dawo kamar babban yatsa.

Sai ga Buba. Bafillace ne, shanunsa suka ƙare a wannan rikicin, ya shigo gari da furfura a gemu ya ce in koya masa aiki. Na ce, "Malam Buba, hannun da ya saba da sanda zai iya da awartaki?" Ya ce, "Maigida, wanda ya iya jiran saniya ta haihu zai iya jiran ƙarfe ya narke." Haka kuwa aka yi. Bai da sauri, amma ban taɓa samun mai haƙurinsa ba, kuma ban taɓa faɗa masa abu sau biyu ba. Da lokacin yayensa ya matso, na sa rana, na aika wa kowa har da Yaya.

Ana saura kwanaki kaɗan sai ga Yaya Gimba da kansa, yana tsaye a bakin rumfa da waya a hannu. Jikansa ne ya nuna masa wani hoton bidiyo. Can ƙasar Faransa ne, sojoji sun jeru ana busa ƙaho, ana ajiye furanni don tunawa da matuƙan jiragen yaƙinsu da kanikawan da suka yi musu aiki a ƙasa. Ga tsofaffi a kan kujeru da lambobi a ƙirji, ga wata tsohuwar farfela an kafa ta a kan dutse an goge tana ƙyalli. Na kalla har ƙarshe, kuma gaskiya ya taɓa ni, musamman da na ga ba su manta da masu baƙin hannu ba.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Masu abin ma adanawa suke yi. Kai ka sa wa namu zarto." Ya miƙa hannu ya zare guntun daga kan ƙusa ya jefa a aljihu. "In ka jefa wannan a wuta, ka binne Baba karo na biyu. Zan riƙe shi."

Ban hana shi ba, yayana ne. Amma na rasa inda zan sa kaina. In na yaye Buba babu ƙarfen, na nuna masa bai kai sauran ba, mutumin da ya riga ya rasa komai. In na matsa sai an ba ni, na rasa Yaya gaba ɗaya. Kuma ko ta yaya aka yi, daga wannan yayen al'adar Baba ta ƙare.

Ranar ta zo, muka hura wuta da hantsi. Yaya ya zo, amma can gefe ya tsaya da hannu a aljihu. Hajiya Yagana ce za ta yi mana abincin walima, sai ga ta a Keke Napep, ta tsufa tana dogara sanda, an ɗaure wani ƙaton abu baƙi a bayan keken. Tana sauka ta hango Buba da awartaki.

"Yau na ga abin mamaki, Bafillace a bakin wuta! Malam Idi, ka ɓoye madarar gidanka, kada ya zuba ta a narkin."

"Hajiya, bawa ba ya yi wa ubangidansa tsiya ranar bikinsa," in ji Buba. Kowa ya yi dariya, kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

Ta ce a sauko da kayan. "Mutanen nan da na dafa wa lokacin rikici ne suka aiko mini da ita tun damina. Ta huje. Sun ce duk biki da suna da zaman makoki na ƙauyen a cikinta ake dafawa, in kai wa mai ita a yi musu musaya. Na ce tunda zan zo yau, bari in taho da ita."

Ni ban ma gane ta ba da farko saboda baƙi. Yaya ne ya matso, ya durƙusa da ƙyar, ya kifa ta, ya tofa yawu a yatsa ya murza gindin. Layi uku suka fito. Ya daɗe a durƙushe. Ni kuma sai a lokacin wani abu ya faɗo mini, wanda ya kamata in gane tun tuni. Sau nawa mata suka kawo mini ƙananan tukwane masu tambarin nan musaya, na narka su cikin sauran ban kawo komai a raina ba? Ashe ƙarfen ya daɗe yana zagaya garin nan, ni ina can ina kallon ƙusa.

Buba ya ce a hankali, "Baba Gimba, mu a wajenmu in ka ba ɗan'uwa aron saniya, ba a cewa ta ɓata. Kiwo ta tafi. Ga ta nan ta dawo."

Yaya ya miƙe, ya tambaye ni ko narkin ya yi. Na ce ya yi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun nan, ya jefa a ciki da kansa. Da Buba ya ɗaga awartaki ya fara zubi, muryar Yaya ce ta riga tawa, Dogo, Mai Lofe, Jan Kunne, Kofur Adam, bai tsallake ko ɗaya ba. Da aka fasa ƙasa tukunya ta fito sumul. Buba ya ba Hajiya Yagana ita, ta ƙwanƙwasa ta ce ba laifi, a aikin Bafillace. Mutanen ƙauyen kuma mun zuba musu sabuwa a makon, da guntun tsohuwar a ciki.

Ita tsohuwar, Yaya ne ya sa aka kafa babbar ƙusa aka rataye ta inda reshen yake a da. In kun duba bakinta za ku ga inda zarto ya ci, yaye biyu aka yi bayan na Buba, kuma abin da ya rage zai ishi wanda zai gaje ni da wanda zai gaje shi. Don haka kai mai cewa shara ce, ka sake dubawa. Jirgin sama ne, ya yi yaƙi, ya ciyar da mayunwata, ya dawo gida. In kuma ba ku yarda da ni ba, ku tambayi tsohon nan da kuka matsa wa a ƙarshen benci, mai gyangyaɗi da carbi a hannu. Yaya Gimba ke nan, kullum nan yake yini.